Daga Ƙofar Masana'anta Zuwa Kujerar Babban Sakatare: Tarihin Baƙaƙen Fata a Ƙungiyoyin Ƙwadagon Birtaniya

A watan Afrilun 1963 wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Guy Bailey, haifaffen Jamaika, ya nemi aiki a kamfanin motocin bas na birnin Bristol da ke kudu maso yammacin Ingila. Akwai guraben aiki, har an sa masa ranar ganawa. Da kamfanin ya gane baƙar fata ne, sai aka fasa. A wancan lokaci babu dokar da ta hana yin haka a Birtaniya. Abin da ya fi ciwo shi ne, kamfanin ba shi kaɗai ya gina wannan katanga ba. Tun 1955 direbobi da kwandastocin birnin, waɗanda ke ƙarƙashin TGWU, babbar ƙungiyar ma'aikatan sufuri da sauran sana'o'i, suka yanke shawarar kada a ɗauki baƙar fata ko ɗan Asiya aiki a cikin bas. Ƙungiyar da aka kafa domin kare mai ƙaramin ƙarfi, ita ce ta tare ƙofa.

Shekara 28 bayan haka, a 1991, 'yan wannan ƙungiya ta TGWU suka jefa ƙuri'a suka zaɓi wani haifaffen Jamaika, Bill Morris, ya zama babban sakatarensu. Shi ne baƙar fata na farko da ya jagoranci wata babbar ƙungiyar ƙwadago a Birtaniya, kuma a lokacin TGWU ce mafi girma a ƙasar, da membobi fiye da miliyan ɗaya.

Abin da ya faru tsakanin waɗannan shekaru biyu darasi ne ga duk mai tunanin yadda ake samar da shugabanni daga cikin tsiraru. Katin ƙungiya daban, murya a cikin ƙungiya daban. Ƙungiyoyin Birtaniya sun daɗe suna karɓar kuɗin wata daga hannun baƙi kafin su yarda baƙon ya wakilci kowa. Abin da ya sauya lamarin shi ne baƙin sun haɗa kansu, sun yi yajin aiki ko da ƙungiya ta juya musu baya, sannan suka tilasta aka gyara dokokin da ke cewa wa zai tsaya takara, wa zai zauna a majalisa.

Tun kafin zuwan Windrush

Baƙar fata a gwagwarmayar ma'aikatan Ingila tsohon zance ne. William Cuffay, tela ne da aka haifa a 1788, ɗan wani mutumin tsibirin St Kitts da aka haifa cikin bauta. Ya shiga yajin aikin telolin Landan na 1834, ya rasa aikinsa, daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin masu fafutukar neman a ba kowane namiji baligi 'yancin jefa ƙuri'a. A 1848 kotu ta yanke masa hukuncin kora zuwa Tasmaniya, can ya mutu a 1870. Turawa ma'aikata ne suka zaɓe shi ya jagorance su, wanda ke nuna cewa rufe ƙofar da ta biyo baya zaɓi ne da aka yi, kuma ana iya yin akasinsa.

Bayan yaƙin duniya na farko aiki ya yi ƙaranci a tashoshin jiragen ruwa. A 1919 rikici ya ɓarke a Cardiff da Liverpool da Glasgow da South Shields, inda gungun Turawa suka far wa ma'aikatan jiragen ruwa 'yan Afirka ta Yamma da Somaliya da Yaman da Karibiyan, mutanen da suka yi wa Birtaniya hidima a teku lokacin yaƙi. A Liverpool aka kora wani ɗan Bermuda, Charles Wotten, har bakin ruwa, ya nitse. Shugabannin ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa suna cikin masu kiran a fifita Bature wajen ɗaukar aiki. A 1925 gwamnati ta fitar da umarnin da ya tilasta wa baƙaƙen ma'aikatan jirgi yin rajista a matsayin baƙi 'yan ƙasashen waje, in ba su da takardar shaidar zama 'yan daular Birtaniya, alhali yawancin masu wannan aiki ba sa yawo da irin wannan takarda. Ganin ba su da mai tsaya musu, a 1935 suka kafa tasu ƙungiya ta ma'aikatan jirgi 'yan ƙasashen mulkin mallaka, ƙarƙashin wani ɗan Barbados, Chris Braithwaite.

Ranar 22 ga Yunin 1948 fasinjojin jirgin Empire Windrush suka sauka a Tilbury, ɗaruruwan mutane daga Karibiyan. Ƙasar tana bukatar hannaye domin sake gini bayan yaƙi na biyu. Hukumar lafiya ta NHS, da aka kafa a wannan shekara, ta nemo ma'aikatan jinya daga ƙetare. Daga 1956 hukumar sufurin Landan ta fara ɗaukar ma'aikata kai tsaye daga Barbados. Masaƙun arewacin Ingila da masana'antun narka ƙarfe na yankin Birmingham suka cika da mutanen Punjab da Kashmir da Gujarat.

Waɗannan mutane ba su zo da jahilcin ƙungiya ba. 'Yan Karibiyan sun ga boren ma'aikata na shekarun 1930, zamanin Uriah Butler a Trinidad da Alexander Bustamante a Jamaika. 'Yan Najeriya sun san yajin aikin gama-gari na 1945 da sunan Michael Imoudu. A 1959 ma'aikata 'yan Najeriya da ke jirgin Apapa na kamfanin Elder Dempster suka ajiye aiki a tashar Liverpool saboda wariyar da ake nuna musu a cikin jirgi, har gwamnatin Najeriya ta kafa kwamitin bincike. Saboda haka baƙin sun shiga ƙungiyoyin Birtaniya da yawa, kuma har yau ƙididdigar gwamnati tana nuna cewa baƙaƙen ma'aikata sun fi sauran jinsuna yawan riƙe katin ƙungiya.

Ƙungiya ta tare ƙofa

A wurare da dama cikin shekarun 1950, reshen ƙungiya da masu kamfani sun cimma yarjejeniyar da sau da yawa ba a rubuta ta: a ƙayyade yawan baƙin da za a ɗauka, a fara sallamarsu idan aiki ya ja baya, kada a ɗora su a kan Bature. A 1955 ma'aikatan bas na West Bromwich suka riƙa yajin aiki a ranakun Asabar don an ɗauki Ba'indiye ɗaya koyon aikin kwandasta. Akwai tsoro na gaske a ƙarƙashin wannan hali. Albashin bas kaɗan ne, mutane suna cike giɓi da aikin ƙarin lokaci, kuma ƙarancin ma'aikata ne ke samar da wannan ƙarin lokaci. Amma maimakon ƙungiya ta nemi a ƙara albashi ga kowa, sai ta ɗauki hanya mai sauƙi, ta ɗora laifin a kan baƙo.

A sama kuwa, TUC, uwar ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar da aka kafa a Manchester a 1868, tana yin Allah wadai da wariyar launin fata a tarukanta, amma matsayinta shi ne ƙungiya ba ta ganin launi, ma'aikaci kawai take gani. Maganar tana da daɗin ji. Illarta ita ce, wanda ya ce ba ya ganin launi ba zai ƙirga ya ga cewa duk wakilan ma'aikata a masana'antarsa launinsu ɗaya ba.

A Bristol, wasu matasa 'yan Karibiyan, Roy Hackett da Owen Henry da Audley Evans da Prince Brown, tare da kakakinsu Paul Stephenson, suka kira mutane su ƙaurace wa motocin kamfanin daga ƙarshen Afrilu. Ɗaliban jami'a suka mara musu baya, haka ma ɗan siyasa Tony Benn da jakadan Trinidad, Learie Constantine. Bayan wata huɗu, ranar 28 ga Agustan 1963, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa a Washington, kamfanin ya sanar da cewa ya janye shingen. A watan Satumba wani mabiyin addinin Sikh, Raghbir Singh, ya zama kwandasta na farko a birnin da ba Bature ba. Sai a 2013, bayan shekara 50, ƙungiyar Unite da ta gaji TGWU ta nemi afuwa.

A 1966 Asquith Xavier, ɗan Dominika da ke aikin kula da fasinjoji a jiragen ƙasa na tashar Marylebone, ya nemi a mai da shi tashar Euston inda albashi ya fi tsoka. Aka rubuto masa cewa ba a ɗaukar baƙar fata a wannan matsayi. Wannan karon wasu jami'an reshen ƙungiyarsa suka tsaya masa, zancen ya kai majalisar dokoki, aka soke shingen, ya kama aiki a watan Agusta, duk da wasiƙun barazana da ya riƙa samu. Dokar hana wariya ta 1965 ba ta shafi ɗaukar aiki ba. Da aka zo faɗaɗa ta a 1968, shugabannin TUC da na masu kamfanoni duk sun nuna sun fi son a bar musu lamarin su sasanta da kansu. A wannan shekarar ce ɗan majalisa Enoch Powell ya yi jawabinsa na ƙyamar baƙi a Birmingham, 'yan dakon tashar jiragen ruwan Landan da na kasuwar nama ta Smithfield suka fito maci suna goyon bayansa.

Yajin aiki ba da yawun ƙungiya ba

Daga tsakiyar shekarun 1960 baƙin suka daina jira. A 1965, a masaƙar Red Scar ta kamfanin Courtaulds da ke Preston, jami'an ƙungiya suka amince da ƙarin aiki mai yawa a kan ƙarin kuɗi kaɗan, a sashen da 'yan Asiya da Karibiyan suka fi yawa, ba tare da jin ta bakinsu ba. Suka fita yaji, ƙungiya ta ƙi amincewa da yajin. A 1972, a kamfanin saƙa na Mansfield Hosiery da ke Loughborough, ɗaruruwan Indiyawa suka ajiye aiki saboda an keɓe wa Turawa aikin saƙa mai albashi mai kyau. Sai da suka mamaye ofishin ƙungiyarsu kafin ta yarda yajin nata ne.

Wanda ya fi tona asirin matsalar shugabanci shi ne yajin kamfanin tafireta na Imperial a Leicester, wanda ya fara ranar 1 ga Mayun 1974. Kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatan 'yan Asiya ne, da yawansu mata, ciki har da waɗanda Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972. Sun gano ana tauye musu kuɗin ƙarin ƙwazo. Sun kuma nemi a bar su su zaɓi wakilansu da kansu. A nan suka ci karo da wata ƙa'ida ta TGWU a yankin: ba wanda zai tsaya takarar wakilin ma'aikata sai ya shekara biyu. Ƙa'idar ba ta ambaci launin kowa ba, amma ta cire yawancin sababbin zuwa daga takara, ta bar tsofaffin wakilai a kujerunsu. Jami'in ƙungiya na yankin ya ƙi goyon bayan yajin, 'yan jam'iyyar National Front masu ƙyamar baƙi suka shigo suna zuga Turawan ma'aikata. Bayan kusan wata uku aka koma aiki ba tare da wata babbar nasara ba, a 1975 kuma kamfanin Amurka mai masana'antar ya rufe ta.

Wanda ya riƙe waɗannan masu yaji a lokacin da ƙungiya ta sake su shi ne jama'arsu: wuraren ibada, masu shaguna da ke ba da bashin abinci, da Ƙungiyar Ma'aikatan Indiya da aka kafa a Coventry tun 1938. Jagororinta irin su Jagmohan Joshi da Avtar Jouhl sun dage a kan abu biyu a lokaci guda: kowane ɗan Asiya ya yanki katin ƙungiyar ƙwadago, kuma ya yaƙi wariya a cikinta. Jouhl, ma'aikacin masana'antar narka ƙarfe, shi ne ya zagaya da ɗan gwagwarmayar baƙaƙen Amurka, Malcolm X, garin Smethwick a watan Fabrairun 1965 domin ya ga halin da baƙi ke ciki.

Jayaben Desai da darasin Grunwick

Ranar 20 ga Agustan 1976, a kamfanin wanke hotuna na Grunwick da ke arewa maso yammacin Landan, aka umarci wata mata 'yar Gujarat da ta zo daga Tanzaniya, Jayaben Desai, ta tsaya aikin ƙarin lokaci tana shirin tafiya gida. Ta ƙi, ta fice tare da ɗanta. Ita da abokan aikinta suka shiga ƙungiyar APEX suka nemi kamfanin ya amince da ita. Mai kamfanin, George Ward, ya kori mutum 137.

A wannan karon abin da bai faru ba a Leicester ya faru. Matan suka zagaya masana'antu da ma'adinai suna bayani da bakinsu. Ma'aikatan gidan waya na Cricklewood suka ƙi taɓa wasiƙun kamfanin, wanda kasuwancinsa ya dogara kacokan a kan aike ta gidan waya. Ranar 11 ga Yulin 1977 kimanin mutum 20,000 suka taru a ƙofar kamfanin, ciki har da masu haƙar kwal na Yorkshire ƙarƙashin Arthur Scargill, har da 'yan dakon tashar jiragen ruwa, sana'ar da ta yi wa Powell maci shekara tara kafin nan. An kama fiye da mutum 500 a tsawon rikicin. Kwamitin bincike na alƙali Scarman ya ba da shawarar a mai da korarrun bakin aiki a kuma amince da ƙungiyar. Ward ya yi watsi da shawarar.

Daga nan shugabannin ƙwadago, waɗanda ba sa son jefa gwamnatin Labour cikin matsala, suka ja baya. A watan Nuwamban 1977 Desai da wasu mutum uku suka zauna yajin cin abinci a ƙofar hedikwatar TUC, ƙungiyarsu ta hukunta su da dakatarwa. A Yulin 1978 aka janye yajin ba tare da biyan bukata ba. Desai ta kwatanta goyon bayan manyan ƙungiya da zuma a gwiwar hannu: kana ganinta, kana jin ƙanshinta, amma harshenka ba ya kai wa gare ta.

Grunwick ta koyar da abu biyu. Ta nuna Turawan ma'aikata za su iya bin jagorancin mace baƙuwa mai sanye da sari. Ta kuma nuna cewa tausayin dubban mutane a titi ba ya isa idan a ɗakin da ake yanke shawarar ƙarshe babu ko ɗaya daga cikin masu yajin.

Gyaran dokokin cikin gida

Shekarun 1980 su ne na neman shiga wannan ɗaki. A 1981 TUC ta fitar da kundin haƙƙin baƙaƙen ma'aikata, wanda ya nemi ƙungiyoyi su cire abubuwan da ke hana su kai wa ga muƙamai. A shekarar ce kuma aka kafa wata haɗakar baƙaƙen 'yan ƙwadago, cikin jagororinta akwai Bernie Grant, ɗan Guyana da ya yi aikin haɗa layin tarho a gidan waya, ya zama jami'in ƙungiyar NUPE, daga baya ya shiga majalisar dokoki a 1987 yana wakiltar Tottenham. A ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NALGO, baƙaƙen membobi suka fara taron kansu su kaɗai, 'yan Afirka da Karibiyan da Asiya a inuwa ɗaya, suna tsara bukatunsu kafin su kai su babban taro.

An yi musu ca. Masu suka suka ce wannan raba kan ma'aikata ne, kuma kujerar da aka keɓe wa wani jinsi raini ce ga mai zama a kanta. Amsar masu tsarin ita ce, kan ma'aikata a rabe yake tun da, su dai sun ƙi ci gaba da yin shiru ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tarihi ya fi ba su gaskiya. A irin waɗannan taruka ne mutumin da bai taɓa magana a gaban jama'a ba ya koyi rubuta ƙuduri, da jagorantar zama, da neman ƙuri'a, a gaban mutanen da ba za su yi dariyar lafazinsa ba. Da aka haɗa NALGO da NUPE da COHSE aka kafa UNISON a 1993, an rubuta wannan 'yanci na haɗa kai a cikin kundin dokokinta. A tsakiyar shekarun 1990 TUC ta keɓe kujeru uku ga baƙaƙen ma'aikata a babbar majalisarta, ɗaya daga ciki ta mace, kuma taron baƙaƙen ma'aikata na shekara-shekara ya zama wurin da wakilai ke kawo ƙudurori su jefa ƙuri'a. Gloria Mills ta UNISON ce baƙar mace ta farko da ta shiga wannan majalisa a 1994, ta kuma zama shugabar TUC a 2005.

Kisan Stephen Lawrence, matashi ɗan shekara 18 da wasu fararen fata suka daɓa wa wuƙa a Eltham ranar 22 ga Afrilun 1993, ya ƙara tura lamarin gaba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun taimaka wa iyayensa a neman adalci. Rahoton Macpherson na 1999 ya bayyana cewa hukuma tana iya zaluntar mutane ta hanyar al'adunta da tsare-tsarenta ko da babu wanda ya furta kalmar ƙiyayya. Hukuncin a kan 'yan sandan Landan aka yi shi, amma TUC ta kafa kwamiti ta duba nata gidan. A 2001 ta gyara dokarta: duk ƙungiyar da ke ƙarƙashinta dole ta ɗauki alkawarin daidaito, kuma a riƙa binciken inda aka kwana lokaci-lokaci. Rahoton farko ya fito a 2003. Ƙungiyar da ta taɓa cewa ba ta ganin launi ta koma tana ƙirgawa.

Matakalar Bill Morris

An haifi Morris a 1938 a gundumar Manchester ta Jamaika. Ya iso Birmingham a 1954 yana ɗan shekara 16, ya kama aiki a masana'antar kayan mota ta Hardy Spicer. Ya shiga TGWU a 1958, abokan aikinsa suka zaɓe shi wakilinsu a 1962. Ya shiga majalisar zartarwa ta ƙungiyar a 1972, ya zama cikakken jami'i a Nottingham a 1973, sakataren gunduma a Northampton a 1976. A 1979 aka ba shi sashen ma'aikatan bas na ƙasa baki ɗaya, wato shi ke zama da masu kamfanoni a madadin direbobi da kwandastocin da reshensu ya ƙi Guy Bailey. Ya zama mataimakin babban sakatare a tsakiyar shekarun 1980, ya ci zaɓe a 1991, ya sake ci a 1995, ya yi ritaya a 2003, ya shiga majalisar dattawa a 2006.

Daga zamansa wakilin ma'aikata zuwa babbar kujera shekara 29 ne, kuma bai tsallake mataki ko ɗaya ba. A lokacin kamfe ya nace cewa shi ɗan takarar dukan ma'aikata ne wanda Allah ya yi shi baƙi. Amma da gwamnatin Labour, wadda ƙungiyarsa ke ba wa kuɗi, ta fara ba masu neman mafaka takardun sayen abinci maimakon tsabar kuɗi, abin da ke tozarta su a gaban jama'a a kantuna, shi ya jagoranci adawa har gwamnati ta sanar da soke tsarin a 2001. Wannan shi ne amfanin samun wanda ya san zafin baƙunta a babbar kujera.

Waɗanda suka biyo baya ma daga ƙasa suka taso. Mohammad Taj, haifaffen Kashmir kuma direban bas a Bradford, ya zama shugaban TUC a 2013, Musulmi na farko kuma ɗan Asiya na farko a wannan matsayi. Eleanor Smith, ma'aikaciyar jinya a ɗakin tiyata, ta zama baƙar mace ta farko da ta shugabanci UNISON a 2011, a 2017 kuma ta ci kujerar majalisa ta Wolverhampton ta kudu maso yamma, kujerar da Enoch Powell ya taɓa riƙewa. Patrick Roach ya zama babban sakataren ƙungiyar malamai ta NASUWT a 2020, Shavanah Taj ta karɓi ragamar TUC a Wales a shekarar, Daniel Kebede kuma ya ci zaɓen ƙungiyar malamai ta NEU a 2023.

Aikin da ya rage

Waɗannan sunaye abin alfahari ne, amma ana iya ƙirga su da yatsu, a ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales ba fararen fata ba ne. Wariyar kuma ta sauya kama. Yanzu babu mai rubuta wasiƙa ya ce ba a ɗaukar baƙi. Abin da ake yi shi ne a miƙa shara da gadi da dafa abinci ga 'yan kwangila, inda albashi ya fi ƙanƙanta, kora ta fi sauƙi, kuma a nan baƙi suka fi yawa. A Agustan 2005 kamfanin Gate Gourmet mai dafa abincin jiragen sama a Heathrow ya kori ɗaruruwan ma'aikata a lokaci ɗaya, yawancinsu mata 'yan Punjab. Masu sharar tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, da yawansu 'yan Najeriya da Gana, sai da suka yi yaji kafin a yi maganar albashin da zai riƙe mutum. Wasu da suka ga manyan ƙungiyoyi sun yi musu nisa suka kafa nasu, kamar IWGB a 2012 da UVW a 2014. Direbobi biyu, Yaseen Aslam da James Farrar, su suka ja kamfanin Uber har kotun ƙoli, wadda ta yanke a Fabrairun 2021 cewa direbobin ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu.

Annobar korona ta fito da abin fili. Cikin likitocin farko da cutar ta kashe a Birtaniya akwai Dakta Alfa Sa'adu, ɗan Pategi ta jihar Kwara, da 'yan Sudan biyu, Adil El Tayar da Amged El-Hawrani. Shugaban majalisar ƙungiyar likitoci ta BMA a lokacin, Chaand Nagpaul, na farko daga tsiraru a wannan kujera, yana cikin waɗanda suka fara neman gwamnati ta binciki dalilin da ya sa mutuwar ta fi yawa a cikin baƙi. A 2020 TUC ta kafa kwamitin yaƙi da wariya ƙarƙashin Patrick Roach, bincikenta na 2022 kuma ya gano cewa biyu cikin biyar na ma'aikata 'yan tsiraru sun fuskanci wariya a wurin aiki cikin shekara biyar da suka gabata.

Wannan ya shafe mu 'yan Najeriya kai tsaye. 'Yan Najeriya suna cikin baƙin da suka fi yawa a ma'aikatan NHS, kuma tun 2022 dubbai sun shiga aikin kula da tsofaffi da bizar da ke ɗaure da sunan mai ɗaukar aiki. Wanda zamansa a ƙasa ya rataya a kan yardar maigidansa, da wuya ya ɗaga hannu ya ce zai wakilci abokan aikinsa. Wannan ita ce ƙa'idar shekara biyu ta zamaninmu, shingen da bai ambaci launi ba amma ya san wanda yake tarewa.

Saboda haka renon shugabanni yana farawa ne daga ƙananan abubuwan da ake rainawa. A ina reshe ke taro, a mashaya ko a wurin da Musulmi da mace mai goyo za su iya zama? Da ƙarfe nawa, kuma an tuna da mai aikin dare? Wa ake turawa kwas ɗin wakilan ma'aikata, wa ake ba lokacin aikin ƙungiya da albashinsa, wa tsohon jami'i ke ɗauka ya shiga da shi zaman ciniki da masu kamfani domin ya ga yadda ake yi? Idan baƙo ya kai ƙarar wariya, ƙungiya tana ɗaukar masa lauya ko tana ba shi haƙuri? Kujerun da aka keɓe da kwasa-kwasan jagoranci suna da amfani, amma ba sa haifar da komai idan matakin farko a rufe yake.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke aiki a asibitin Manchester ko gidan tsofaffi a Leeds, shawarar da wannan tarihi ke bayarwa a fili take. Yankar kati shi ne farko. Bayansa sai halartar taron reshe, da shiga zauren baƙaƙen membobi, da tsayawa takarar wakilci idan lokacin zaɓe ya zo. Haƙƙin yin hakan mutane ne suka saye shi da ayyukansu, wasu ba su taɓa komawa bakin aiki ba, kuma kujerar da aka bari babu kowa, wani ne zai zauna a kanta ya yanke shawara a madadinka.